Amsa ga mahaifiyar da ɗanta ke fama da ƙaiƙayin ƙuna

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce tun da ruwan zafi ya ƙone shi ciwon ya warke, amma ƙaiƙayi ya hana shi barci, ya koma faɗa da kuka, ke kuma kina ganin laifinki ne.

Ba rashin ji ba ne. Sabuwar fata ba ta fitar da maiƙo kamar ta da, jijiyoyin wurin kuma suna farfaɗowa, shi ya sa abin ke tsananta da dare, balle a hunturun Kano. Yakan ɗauki watanni. Yaron da bai yi barci ba dole ya yi fushi, kuma tsawar "daina sosawa!" tsoro kawai take ƙara masa.

Ki riƙa shafa masa man kaɗanya ko Vaseline sau da yawa a rana, ki yanke masa farce, ki sa masa kayan auduga. Ki koya masa danna wurin da tafin hannu maimakon sosawa.

Ki koma wajen likita, a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dala. Akwai magungunan ƙaiƙayi. Ki faɗa musu har da rashin barcin da damuwarki. Babansa ma ya riƙa karɓar ki wani daren.