Amsa: Baƙin rami zai iya haɗiye duniyarmu?

Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, tambayarka ko baƙin rami zai zo ya haɗiye duniya ta ban dariya, amma fa ba kai kaɗai ke wannan tunanin ba. Shi wannan abu ba rami ba ne kamar rijiya, tauraro ne ƙato da makamashinsa ya ƙare sai ya rufta cikin kansa, nauyin ya cure waje ɗaya har ko haske mai gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya in ya ƙetare iyakarsa ba ya fitowa. Amma fa ba zuƙo komai yake daga nesa ba, sai wanda ya matsa masa. Ko yau rana ta zama baƙin rami, wanda ma ba za ta iya ba don ta yi ƙanƙanta, duniya haka za ta ci gaba da zagayenta, duhu da sanyi ne kawai za su gama da mu. Baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurarinmu, wato tarin taurarin da ranarmu take ciki, ya kai nauyin rana wajen sau miliyan 4, nisansa kuwa tafiyar haske ce ta shekara kusan 26,000. A 2022 aka fitar da hotonsa, ka duba intanet za ka gani, kamar zoben wuta.