An ce tunani ne, amma ina ci ina ramewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekarata 31, 'ya'yana huɗu, ƙaramin watansa bakwai. A Wad Madani muke zaune har yaƙi ya taso mu a Disambar 2023, yanzu muna Gadarif gidan dangin maigidana. Wata uku ke nan zuciyata na bugawa da ƙarfi ko ina zaune. Hannuna na rawa har shayi ya zube, ba na samun barci, ga gumi, ga saurin fushi da yara. Ina cin abinci fiye da da, amma zobena ya yi mini yawa. Surukata ta ce tunani ne, in fawwala wa Allah. Mai shagon magani ma haka ya ce, ya ba ni ƙwayar barci. Tunani kaɗai zai yi wa mutum haka?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya yaro, ya mayar da ku gida lafiya.

Surukarki ba ta faɗi abin banza ba. Wadda ta bar ɗakinta da kayan aurenta ta fito da goyo da buhu ɗaya, dole ta yi tunani, kuma tunani yana hana barci, yana sa faɗuwar gaba, yana ɗaure ciki. Sai dai mu a asibiti ba ma cewa "damuwa ce" sai mun duba sauran abubuwa mun rasa. Samun dalilin damuwa ba ya hana mutum ciwo. Tun da aka fara yaƙin nan a Afrilun 2023, kowa na da dalili, shi ya sa cututtuka da yawa suka samu wurin ɓuya.

Magana ɗaya a wasiƙarki ta tsaya mini: kina ci, kina ramewa. Mai tunani yawanci abincin ne ke fita ransa, a ajiye masa kisira da miya ya tsakura ya ture. Wadda ke cinye nata ta ƙara, zobe kuma na zamewa, jikinta ne ke ƙona abincin da sauri. Abin da na fi zargi shi ne ƙullin nan na gaban wuya, wanda in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo, a takardar asibitin nan kuma za ki ga an rubuta "gudda". Aikinsa sarrafa saurin da jiki ke tafiya. In ya zarce, sai komai ya hau gudu: zuciya, hanji, gumi, har da fushi. Mutum ya riƙa jin zafi a ɗakin da kowa ke neman mayafi, al'ada ta ragu, wani lokaci idanu su ɗan firfito. Ba dole a ga kumburi a wuya ba. Kuma ya fi kama mata, musamman a shekarar farko bayan haihuwa, daidai inda kike.

Akwai abu biyu da za ki iya dubawa a gida yau. In kin yi barci, maigida ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun minti ɗaya cif da agogon waya. Na babba mai lafiya tsakanin 60 ne da 100 in yana hutawa, cikin barci kuma ya ƙara sauka. Zuciyar mai fargaba tana lafawa in barci ya ɗauke shi, ta mai gudda kuwa ba ta san dare ba. Na biyu, tafin hannu. Na mai tsoro sanyi ne da danshi, na mai gudda ɗumi ne da danshi. Waɗannan ba su isa yanke hukunci ba, amma ki rubuta abin da kuka samu ki tafi da shi.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina ina sabon likita. Wata baiwar Allah da mijinta ya ƙara aure ta zo da kukan bugun zuciya da rama. Ina jin labarin kishiya na rufe fayil, na yi mata nasiha na sallame ta. Bayan wata huɗu ta dawo, na riƙe hannunta don in ji bugu, sai na ji shi zau kamar an ɗauko daga rana, yana karkarwa a cikin nawa. Gudda ce. Tun ranar ba na barin labarin gida ya rufe mini ido.

Gwajin da za ki nema sunansa TSH, jini kaɗan ake ɗiba. In ƙullin ya zarce aiki, za a ga lambar ta yi ƙasa sosai, sai a ƙara wani gwajin don a san nau'in. Wannan rarrabewar na da muhimmanci, domin na bayan haihuwa sau da yawa yakan lafa da kansa cikin watanni, abin rage bugu kawai ake bayarwa, ɗayan nau'in kuwa sai an sha karbimazol fiye da shekara. Kada ki saye shi a shago don kin ji sunansa a nan. Haka Inderal da ake yawan miƙa wa masu bugun zuciya, yana da haɗari ga mai asma. Ki gaya wa likita kina shayarwa.

Tunda za a huda ki, a haɗa da awon yawan jini. Haihuwa huɗu da shayarwa da cimar gudun hijira suna cinye jinin mace, kuma ƙarancinsa na kawo bugun zuciya da haki da jiri. In ya gaza 12 ga macen da ba ta da ciki, akwai ƙaranci. Shayin nan da muke kurɓa da an ɗauke kwano yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga dangin wake irin su ful da adas, a jinkirta shi awa ɗaya, a matsa lemun tsami a abincin. Jabana, wato gahawa, ita ma ki rage, tana ƙara rawar hannu. A duba sukari kuma, shi ma yana ramar da mai ci: 126 ko fiye da safe kafin a karya alama ce.

Sai abin da ya shafi inda kuke. Ba ki ambaci zazzaɓi ba, amma ƙasar Gadarif gidan kala-azar ce, cutar da wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa a wuraren baƙar ƙasa mai tsagewa da itatuwan aduwa. Baƙi irinku jikinsu bai saba da ita ba. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, maganin maleriya bai taɓa shi ba, ga rama, ga nauyi a ƙasan haƙarƙarin hagu inda saifa take, ko ga ke ko ga yaro, a je a nemi gwajinta da suna. Tana warkewa in an yi magani, tana kisa in an bar ta. Tari fiye da mako biyu da gumin dare kuma, a gwada majina don tarin fuka.

Ƙwayar barcin nan ki kai wa likita ya gani. Wasu irinta suna shiga nono su sa jariri kasala, kuma jiki na sabawa da su. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke lokaci ɗaya.

In zuciyar ta fara tsalle ba tsari, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara kina kwance, ko zazzaɓi mai zafi ya zo da ruɗewa, wannan ba na jiran safiya ba ne. In kuma duk gwajin ya fito lafiya, ki sake rubuto mini da lambobin, mu zauna kan maganar tunanin, don shi ma akwai abin da ake yi masa. Ki roƙi Hajiya surukarki ta raka ki asibitin, ta riƙe miki yaro, ta ji bayanin da kunnenta.