Ɓerayen gwajina suna tsayawa a digiri 40, in yi musu allurar parasitamol kafin gudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a nan Kumasi. Ina gwada wani tsimin ganye da ake cewa yana rage gajiya, a kan fararen ɓeraye jinsin Wistar, ina sa su gudun mita 18 a minti a kan injin gudu. Damuwata ita ce, da zarar zafin cikinsu ya kai wajen digiri 40 sai su tsaya, waɗanda na ba tsimin da waɗanda ban ba ba. Makon jiya aka ɗauke wuta da azahar, na ce bari dai in ƙarasa, sai ɗaya ya kwanta bayan gudu bai sake tashi ba. Tun ranar ban samu barcin kirki ba. Wani da ke gaba da ni a ɗakin binciken ya ce in riƙa yi musu allurar parasitamol kafin gudu don kada zafin ya hau, wai ai kocin ƙanena ma a Aboabo haka yake ba yaransa. Lokacin miƙa aikina ya matso. In yi hakan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yi. Ƙanenki ma ki hana shi karɓa, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙar nan, fiye da ɓerayen.

Tsayawar da suke yi a digiri 40 ba aibi ba ne a aikinki. A 1998 Andrea Fuller da abokan aikinta a Jami'ar Witwatersrand da ke Johanasbag sun sa ɓeraye gudu cikin zafi, suna auna zafin ƙwaƙwalwa da na ciki. Ko da wane zafi ɓera ya fara, wajen digiri 40 yake ajiye gudu. Wanda ya fara da jiki a ɗumame dai ya fi saurin isa wurin. A 2000 Walters da mutanensa a Amurka suka maimaita irin wannan, su kuma ɓerayensu sai wajen 42 suka tsaya. Kada tazarar nan ta ruɗe ki. Ki duba yadda kowa ya ɗumama dabbarsa, da inda ya yanke cewa ta gaji: ɓeran da ya daina gudu don kansa daban, wanda aka yi ta tsikara da wayar lantarki har ya kasa juyawa in an kwantar da shi rigingine daban. Masu bincike na Belo Horizonte a Barazil kuma sun daɗe suna nuna cewa saurin da zafin yake taruwa a jiki yana da nasa tasirin, kuma a ɗaki mai sanyi ɓera kan gaji tun bai kusanci 40 ba. Saboda haka lambar ba katanga ba ce. Amma in ɗakinki da zafi, zafin ne zai fara tsayar da su kafin tsiminki ya samu damar nuna ko yana aiki. Ke nan yanzu ba gajiyar tsoka kike aunawa ba, yanayin ɗakinku kike aunawa.

Mutane ma haka suke. A 1999 a Kofanhegin, José González-Alonso ya sa 'yan tseren keke tuƙi a ɗaki mai digiri 40. Da suka fara da zafin jiki wajen 36 sun yi minti 63, da 37 minti 46, da 38 minti 28, kuma kowane karo a ɗan sama da digiri 40 suka sauka daga keke.

To, mu zo kan parasitamol, domin wannan maganar ta ishe ni. Ina jin ta a ɗakin bincike, ina jin ta a bakin filin ƙwallo, ina jin ta wajen masu kemis a Nima da Maamobi, har a bakin mutanen da suka yi karatun da ya kamata ya hana su faɗar ta. A ƙasar nan duk jikin da ya yi zafi sunansa zazzaɓi, duk zazzaɓi kuma sunansa maleriya, maganin farko kuwa ƙwaya biyu. Alhali zafin gudu da zazzaɓi, ban da lambar da ke fitowa a ma'auni, babu abin da ya haɗa su.

Kin san yadda zazzaɓi yake: wani sinadari da jiki ke samarwa mai suna firostagilandin ya isa haifotalamus, sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, ya ɗaga ma'aunin da jiki yake bi, sai jikin da kansa ya shiga neman zafi, yana karkarwa, yana matse jijiyoyin fata. Parasitamol yana rage firostagilandin ɗin, ma'auni ya sauko, gumi ya karyo. A gudu kuwa ba wanda ya taɓa ma'aunin. Tsoka ce ke ƙona abinci, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na abin da ta ƙona zafi yake zama, ba motsi ba. Ƙwaƙwalwa ta riga ta san jiki ya wuce kima, ta riga ta buɗe duk ƙofar da take da ita don fitar da zafin, ƙofofin ne suka yi kaɗan. Me ƙwaya za ta gaya wa ƙwaƙwalwar da ba ta sani ba?

Ba sai kin yarda da ni ba, gobe ki taɓa wutsiyar ɓeranki. Ɓeran da zazzaɓi ke hawansa wutsiyarsa sanyi ƙalau, ya dunƙule a kusurwar keji, gashi a tsaye. Wanda ke gudu, a mintocin farko wutsiyar takan ɗan yi sanyi, daga nan sai ki ga ta yi ja-ja, jijiyoyin gefenta sun fito raɗau, ta yi ɗumi a hannu. Ita ce tagarsa. Ɓera ba ya gumin da zai sanyaya shi. Dabararsa ta biyu ita ce ya shafe jikinsa da yawu, wannan kuwa ba ya yiwuwa yana cikin gudu. Shi ya sa da ya sauka za ki ga ya baje ciki a ƙasa, haɓa jiƙe, yana lasar ƙafafu yana goga wa jiki. In iskar da ke cikin injin ta kusa kai zafin wutsiyar, tagar ta rufe ke nan. Abin da ya faru da ɓeranki ranar da aka ɗauke wuta ke nan, kuma da kin yi masa allurar ma da hakan za ta faru.

Wani zai ce ai an ga parasitamol mai yawa yana saukar da zafin ƙananan ɓeraye ko ba su da zazzaɓi. Gaskiya ne, an gani. Yana kuma dusashe jin ciwo. Ashe kin zuba magani na biyu mai taɓa zafi da ciwo a cikin gwajin da kike son sanin aikin magani na farko. Ranar kare aikinki, malamin da aka gayyato daga waje zai tambaye ki wanne ne ya yi aikin, ba ki da amsa.

Wannan asarar digirin karatu ce kawai. Ga mutum abin ya fi haka muni. In zafin ciki ya haura 40 har hankali ya fara gushewa, hanta tana cikin sassan da suka fi jin jiki, ƙoda ma haka, jini kuma ya janye daga hanji ya tafi fata. A wannan halin ne ake ɗura wa yaro parasitamol, maganin da hanta ce ke sarrafa shi. In ba a samu ba a kawo ibuprofen ko diclofenac, su kuma ƙodar da ruwa ya riga ya ƙare mata suke ƙara wa nauyi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na ga wannan da idona wani watan Maris a wani fili na unguwa a nan Accra. Yaro ɗan shekara goma sha shida ko kusa, ana wasan yamma tun rana ba ta yi sanyi ba. Ya fara gudu yana karkacewa, ya juya yana zagin abokin wasansa ba gaira ba dalili, sai ya zube. Kafin in ƙaraso, wani ya ɓare ƙwaya biyu yana tura masa a baki, yaron da ko haɗiyar yawu ba ya iya yi daidai. Wata baiwar Allah ta kwance mayafinta ta lulluɓe shi wai iska ce ta buge shi. Rigarsa sharkaf da gumi, shi ya sa wani mai ilimi a wurin ya ce ba bugun zafi ba ne, ai mai bugun zafi ba ya gumi. Wannan ma kuskure ne. Wanda gudu ya jawo masa, sau da yawa yana cikin gumi yake faɗuwa. Na zare ƙwayoyin da yatsa, muka ja shi inuwa, muka tuɓe shi, na aika aka sayo jakar piya wata biyu masu sanyi da ƙanƙarar mai sobolo (zoɓo), muka yi ta farke leda muna kwarara masa daga wuya zuwa cinya, yara biyu suna fifita da kwali. Faɗan da na sha a wurin ya fi aikin wahala. "Malam, za ka kashe ɗan mutane! Ruwan sanyi a jiki mai zafi ai shanyewar ɓarin jiki ne!" Har wani dattijo ya riƙe mini hannu. Ban saki ledar ba. Kafin mota ta zo yaron ya san sunansa, ya san inda yake.

Ban san wanda ya fara yaɗa maganar shanyewar jikin nan ba, amma ya ɗauki alhakin mutane. Abin da likitocin wasanni suka tsaya a kai a fili yake: a sanyaya tukuna, sannan a ɗauka zuwa asibiti. Mafi kyau a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara zuwa wuya, wani yana riƙe da kansa, a sauko da zafin ƙasa da 39 cikin rabin awa. In babu baho, a yi ta zuba ruwa ana fifita, a kira 112, lambar agajin gaggawa ta Ghana, ana cikin yi. Kada a ba shi komai ta baki sai ya dawo hayyacinsa sarai. Ma'aunin hammata da ɗan bindigan goshin nan da ya cika gari tun zamanin korona ba sa faɗar gaskiya a jikin da ke jiƙe da gumi, na dubura ne abin dogaro. In babu shi, rikicewar hankali bayan gudu cikin zafi ta isa hujja. Mu da muke karanta hadisin da ya ce zazzaɓi daga hucin Jahannama yake, a sanyaya shi da ruwa, yaya aka yi muka zama masu tsoron ruwa?

Akwai kuma waɗanda suka wuce parasitamol, masu haɗa tramadol da lemon ƙarin kuzari kafin wasa ko kafin dako a kasuwar Kejetia. Su ba zafin suke so su rage ba, gajiyar suke so su daina ji. An gwada magungunan da ke ƙara dofamin, sinadarin da ke zaburar da mutum, a ƙwaƙwalwa, irin su amfetamin da bupropion, a kan ɓeraye masu gudu: sun ƙara daɗewa, kuma sun tsaya da jiki mafi zafi. Wato birki aka cire. Tom Simpson, ɗan tseren keken Ingila, ya faɗi ya mutu a hawan dutsen Ventoux a gasar Faransa ranar 13 ga Yulin 1967, cikin tsananin zafi, da amfetamin a jikinsa. Hausawa suka ce jiki magayi. Koci ko mai kemis da ya toshe bakin magayin nan a jikin ɗan wani, ya sani amana ya ci, ko da kyakkyawar niyya ya yi. Iyaye sun ba ka yaro ka koya masa ƙwallo, ba su ba ka shi ka gwada ƙarfin hantarsa ba. Ka matsar da atisaye zuwa bayan la'asar sosai ko sanyin safiya, ka ajiye bokitin ruwa a bakin fili, yaron da ya dawo daga jinya ko ya kwana yana gudawa ka zaunar da shi a benci, musamman a Fabrairu da Maris.

Ke kuma ga abin da za ki gyara. Ki rataya ma'aunin zafi a cikin layin injin, ba a bangon ɗaki ba, domin murfin robar nan yana tara zafi. Ki riƙe ɗakin tsakanin 22 da 24, ki rubuta zafi da damshin iska a kowane gudu. Ranar da dumsor, wato ɗauke wuta, ya zo, babu gwaji, ko da malaminki ya kira sau goma. Na san za a ce takardar neman man janareta tana kan teburin wani tun wancan zangon, na sha wannan, na taɓa bin sa hannu biyar saboda galan ɗin mai. Amma jinkirin ofis ba ɓera ne zai biya shi da ransa ba. Ki yi gudun a lokaci ɗaya kullum, tunda zafin jikin ɓera yana hawa da dare yana sauka da rana. Ki ba su kamar kwana biyar suna saba wa injin da hannunki, don kamun kaɗai yana iya ɗaga zafinsu da wajen digiri ɗaya. In da ma'aunin dubura kike aiki, ki shigar da shi zurfi ɗaya kowane karo, santimita 6 zuwa 7 ga babban ɓera, ki liƙa wani a wutsiya. Ki rubuta tun kafin ki fara abin da kike kira gajiya, da zafin da in an kai shi za ki kashe injin ko ɓera yana son ci gaba, sannan ki tanadi fanka da ruwa kusa.

Wanda ya mutun kuma kada ki share shi daga littafinki. Ki rubuta ranar, da zafin ɗakin, da mintocin da ya yi, ki kai wa malaminki da kwamitin kula da dabbobin gwaji da kanki, kafin su ji a bakin wani. In kin koma gida Aboabo ranar Juma'a, ki samu kocin nan ke da babban yayanku ko wani dattijon da yake jin nauyinsa, kada ki je ke kaɗai, kuma ki tafi masa da bokitin.