Tambayoyinku: Makulli a Bakin Ƙofa

Malam, ina rubuta manhajar asibiti da Java. Likita zai ga fayil ɗin majinyaci, mai karɓar kuɗi ba zai gani ba. Na sa "if" (sharaɗin da ke duba wane ne mai nema) a kowane shafi, ya wadatar? Ɗalibi, Zariya.

Bai wadatar ba. Ranar da wani ya kwashe rumbun bayanan, "if" ɗinka ba zai bi shi gida ba. Yi amfani da tsarin Proxy: aji guda (class na Java) ya tsaya kamar maigadi, duk mai neman fayil sai ta wurinsa. Kowane fayil da nasa makullin AES-256 (hanyar ɓoye bayanai) a yanayin GCM (mai gano ko an taɓa su), sai ka kulle wannan makullin da na rukunin likitoci. Mai karɓar kuɗi ko ya sami fayil ɗin, shirme zai gani. Hanyar kullewar kuma ka sa ta bayan Strategy, tsarin da ke ba ka damar musanya ta da wata cikin sauƙi, ka rubuta lambar siga a kan kowane fayil, don ranar sauya ta.

Na rubuta babban makullin da ke kulle ƙananan makullai cikin lambar manhaja, na tura GitHub, shafin ajiye lambobin manhaja, daga baya na goge. Shi ke nan ko? Mai koyo, Maraɗi.

Shi ke nan wa, ɗan'uwa? Ka datse ƙofa da kwaɗo ka rataye makullin a jikinta. Git, manhajar da ke adana duk sauyin da ka yi, ba ya mantuwa, abin da ka goge yana nan cikin tarihi, kuma akwai masu manhajojin da aikinsu kenan dare da rana, laluben makullan irinku. Wannan makullin ya mutu. Ƙirƙiri sabo, ka buɗe ƙananan makullan fayiloli ka sake kulle su da shi. Idan kana zargin an kwashi bayanan ma, fayilolin kansu sai an sake kulle su. Babban makulli wurin zamansa ma'ajiyar makullai irin AWS KMS ko HashiCorp Vault, kuma Factory guda ce, wato ajin da aikinsa ƙerawa, za ta riƙa fitar da ƙanana, ba kowane aji ya ƙera nasa ba. Ita ce kuma za ta ba da sabon nonce (lambar da ake amfani da ita sau ɗaya tak) mai baiti 12 kowane lokaci. Maimaita shi da makulli ɗaya a GCM yana tona asirin saƙonnin biyu, har a iya ƙera na jabu. Kalmar sirrin shiga kuwa ba a kulle ta da makulli, Argon2id ake sa mata, ya markaɗe ta yadda ba a iya dawo da ita. Kamfanin Adobe sun kulle nasu da makullin 3DES a yanayin ECB mai rauni, da aka sace bayanansu a 2013 duniya ta ga yadda aka ƙare.

An sallami ma'aikaci, na cire sunansa. Da saura? Hajiya, Kumasi.

Da saura, Hajiya. Sauya makullin rukuninsa yau. Abin da ya riga ya sauke kuwa, sai haƙuri.