Tambaya da Amsa: In na shigo gida 'ya'yana sai su yi tsit

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, ina da shago a kasuwa. 'Ya'yana uku: babban shekararsa 11, mai bi masa 6, sai ta goye mai wata 8. Da sassafe nake fita, ba na dawowa sai bayan isha'i. Ci da sha da kuɗin makaranta ban gaza ba, amma in na yi sallama sai gidan ya yi tsit, kowa ya kama kansa. Rannan na ga 'yar maƙwabcina ta ruga ta rungume shi, abin ya tsaya min a rai. Mu mahaifinmu bai taɓa wasa da mu ba. Ina son su, amma ban san daɗin zama da su ba. Ta ina zan fara, kuma ba zai jawo raini ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya raya su, Ya yi musu albarka. Malam, wannan abin da ya tsaya maka a rai alheri ne, kada ka kore shi.

Mun tashi a al'adar da ake yi wa ɗa kara, musamman ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Ba na aibata iyayenmu, sun so mu iya so. Sai dai ka tuna yadda gidajen suke a da. Ga kaka tana tsokanar jika tana ce masa mijinta, ga goggo, ga kawu, ga matan gida kowa da goyonta. Yaron da uba ya yi wa kara yana da cinyoyin hawa barkatai. Yau da yawanmu daga miji sai mata sai yara. Idan ka shigo da ɗaurarriyar fuska, babu mai cike gurbin.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, sai Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Wa ya kai shi kwarjini?

Ƙaramin yaro bai san kuɗin makaranta soyayya ba ne, sai ya girma zai gane. Abin da yake karantawa yanzu fuskarka ce. A 1975 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya nuna haka a fili: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuska na 'yan mintuna. Jaririn zai yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya dawo da ita, in ya gaza sai ya kau da kai ya fashe da kuka. A birnin Kingston na Jamaika kuma, wajen 1986, an riƙa ziyartar iyayen yara masu tsumburewa sau ɗaya a mako har shekara 2, ana koya musu wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, abin da yaran nan ke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100. Wasa ne fa kawai da hira.

Ka ce ba ka san daɗin zama da su ba. Kada ka zauna jiran daɗin ya zo kafin ka fara, shi a bayan yi yake biyowa. Akwai wani sinadari a jiki, oksitosin, mai ƙara shaƙuwa, kuma an gano yana ƙaruwa a jikin uba ma in yana taɓa ɗansa yana wasa da shi. Makon farko za ka ji abin bambarakwai. Ka daure.

Ka fara daga bakin ƙofa. Tun a soro ka gama wayarka, ka saka ta aljihu. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma baƙo muke yi wa, mu hana na gida. Ka yi sallama da fara'a, ka durƙusa daidai tsayin mai shekara 6, ka kira sunansa, ka bar shi ya karɓi ledar hannunka ko da ƙuli-ƙuli ne a ciki. Faɗan takalmin da aka bari a hanya ya jira sai an ci abinci. Kada ka ce “yaya makaranta?”, don “lafiya lau” za ka samu. Ka ce wa ya ba ka dariya yau, da wa ka ci kuɗin tararka. In ya fara ba ka labari mara kai da gindi, ka saurara har ƙarshe.

Ta goyen ita ce mafi sauƙi, don ba ta san kara ba. Ka karɓe ta daga hannun mahaifiyarta, ka ɗora ta a ƙirji. In ta yi gwaranci ka amsa mata, ka yi shiru, za ta sake. Za ta ja gemunka, ta cire maka hula, ka mayar ta sake cirewa tana ƙyalƙyala dariya. Wannan amsa-amsar ce ke gina ƙwaƙwalwa da harshe a shekarun farko, kuma maman ta samu ta ci tuwonta da hannu biyu, wanda shi ma ba ƙaramin alheri ba ne.

Babban ne zai ba ka aiki. Shekara 11 ya saba da tsit, in ka rungume shi kwatsam zai sandare. Yaro irinsa ya fi sakin baki in kuna kafaɗa da kafaɗa: tafiya masallaci da asuba, wankin babur, ko ka tafi da shi shago ranar Asabar ka ce ya ƙirga maka canji. In ya yi daidai ka faɗa masa, a gaban ƙannensa ma.

Raini kuwa, abin da ke kawo shi doka ce mai canzawa kullum da alƙawarin da ba a cikawa. Uban da ya ce a'a ta zauna a'a, ya ce zai kawo ya kawo, ba ya rasa girma don ya yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a kan tabarma.

Abu ɗaya nake so ka kula da shi. Idan ka ga ba yaran kaɗai ba, komai ma ya daina yi maka daɗi, barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, har ya haura mako 2, wannan ya wuce gajiyar kasuwa. Yana iya zama ciwon damuwa, yana kama iyaye maza kamar yadda yake kama mata, kuma ana maganinsa. Ka je ka ga likita.