Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Injin Yankan Ciyawa, a Saya ko a Bari?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan tsofaffin injinan yankan ciyawa suke. Na ɗauki waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: An yi mini tayin wani tsohon inji mai tambarin Briggs & Stratton. Mai shi ya ce ya shekara biyar a ajiye, amma lafiyarsa ƙalau. In saya?

Amsa: Malam, "lafiyarsa ƙalau" maganar mai sayarwa ce, kai kuma idonka za ka bi. Kafin komai, cire wayar fulogi ka kawar da ita gefe. Ka kishingiɗa injin ta yadda fulogi zai kalli sama, don in ka juya shi ɗaya ɓarin baƙin mai zai kwarara cikin kafireta da matatar iska. Sa safar hannu ka juya wuƙar a hankali, idonka a kan notin tsakiya. In yana rawa hagu da dama, sandar injin da wuƙar take ɗaure a kanta ta lanƙwashe, watau an taɓa dukan dutse ko kututture da ƙarfi. Wannan kaɗai ya isa ka ce a kai kasuwa. Miƙar da sandar ba ya dawo da ƙarfinta, sabuwa kuma takan fi ƙarfin darajar injin gaba ɗaya.

Sai gangar jikin da ta rufe wuƙar. Ka daddanna ta da bakin sukudireba, musamman wajen da tayoyi suke ɗaure da kuma inda aka ɗora injin. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma in sukudireba ya nutse, ƙarfen ya mutu. Daga nan ka ja igiyar tayarwa a hankali. Ya kamata ka ji ta yi nauyi a wani wuri, sannan ta sake. In ta taho salin alin babu tirjiya, matsin iska ya tafi: ko ringi ya ci, ko bawul ya maƙale a buɗe. Bawul da ya maƙale saboda daɗewa a ajiye gyaransa da sauƙi, ringi kuwa sai an farke injin. A ƙarshe ka duba baƙin mai. Baƙi ƙirin ba abin tsoro ba ne. Mai fari-fari kamar madara na nufin ruwa ya shiga, mai ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa kuma ƙarfe ne yake cin ƙarfe a ciki.

A jikin murfin injin akwai lambobi kashi uku da aka buga a ƙarfen. Kashi na uku shi ne ranar ƙira: lambobi biyu na farko shekara, biyu na gaba wata, biyu na gaba rana. Ka kwafe duka ukun a takarda, domin da su ne za ka nemi kayan gyara da suka dace. Injin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1980 yawanci da kontak yake ba da wuta, watau wasu ƙananan ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa, ana saita tazararsu a milimita 0.5. In sanda a miƙe take, gangar jiki da ƙwari, igiya kuma tana tirjiya, saya. Sauran duk ƙananan abubuwa ne.

Tambaya: Mahaifina ya rasu ya bar injin da yake ji da shi ƙwarai. Ina yankan ciyawa wuƙar ta daki dutse, ya mutu nan take. Yanzu in na ja igiya sai ta fizge hannuna, ba ya tashi. Na kasa barci, ina ganin na lalata abin da ya yi shekaru yana tattali.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta alama ce da masu gyara suka sani sarai, kuma yawanci injin kare kansa ya yi, ba lalacewa ba. A saman injin, ƙarƙashin murfin igiya, akwai wani faifai mai nauyi da maganaɗisu a gefensa. Abin da yake riƙe shi daidai da sandar injin wani ɗan ƙaramin makulli ne, bai kai tsawon farcen babban yatsa ba, an yi shi da ƙarfe mai taushi da gangan. In wuƙa ta tsaya farat ɗaya, shi ne yake tsagewa don kada sanda ko faifan su ɗauki dukan. Da ya tsage, faifan ya ɗan goce, wuta ta riƙa zuwa kafin lokacinta, shi ya sa fistin yake komawa baya ya fizge ki.

Ki daina jan igiyar, kada ki ji ciwo a kafaɗa. A cire wayar fulogi, a duba sandar kamar yadda na faɗa a sama, a kuma tabbatar notin wuƙa bai saki ba, don wuƙa mai sako-sako ma tana kawo irin wannan fizga. Sannan a cire murfi, a kwance noti, a zare faifan da abin zaro shi. Kada a yarda wani ya hau shi da guduma, yana iya tsagewa ko maganaɗisun ya raunana. A sa sabon makulli, a ɗaure notin tamau yadda littafin injin ya ce.

To, a nan ne nake so kowa ya tsaya ya saurara, don nan ne ake kashe injina masu kyau. Za a sami mai cewa wannan ɗan makulli ai ba shi da ƙwari, bari a yanko ƙusa ko guntun ƙarfe a goge a cusa, ba zai ƙara tsagewa ba. Gaskiya ne, ba zai tsage ba. Ranar da wuƙa ta sake dukan dutse, sandar ce za ta murɗe ko faifan ya fashe. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Haka jabun makulli da ake sayarwa a leda ba suna ba lamba: wani ya yi tauri da yawa, wani kuma bai cika ramin ba, faifan yana wasa tun ranar farko.

Jabun kaya sun fi tsatsa cin tsofaffin injina. Ɗauki fulogi. Na jabu yakan zo da kwali mai kama da na NGK ko Champion, amma ka duba da kyau: rubutun jikinsa dishi-dishi, zaren ɗaurinsa da kaushi, wayar bakinsa a karkace, zoben da ke gindinsa kuma yana zamewa ya faɗo da kansa. Zaren mai kaushi shi ne bala'in, domin kan injin na alminiyon ne, fulogi ɗaya marar kyau ya isa ya cinye zaren ramin. Kullum a fara ɗaura fulogi da yatsu, sai ya zauna sannan a sa sifana. Tazarar bakinsa a yawancin irin waɗannan injina milimita 0.75 ce.

Wuƙa kuwa maganar rai ce. Wuƙa mai tsawon santimita 53 da ke juyawa sau 3,000 a minti, bakinta yana gudun kusan kilomita 300 a awa. Ta ƙwarai an dafa ƙarfenta yadda in ta daki abu za ta lotsa ko ta lanƙwashe. Ta jabu ko dai ta yi taushi ta dakushe a yanka biyu, ko ta yi gautsi ta ɓalle, ɓallin kuma ba ya tambayar ƙafar wa zai samu. Kada a sayi wadda ramin tsakiyarta bai dace ba a ce za a cike da zoben ƙarfe. Kada a yi wa wuƙa walda, kada a gasa ta a wuta don a miƙar. Wadda ta tsage ko ta lanƙwashe, a jefar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cire kafireta ta asali su wurgar, su ɗaura sabuwa mai arha don tana sheƙi. Ta asalin an auna ramukanta daidai da injin, sau da yawa wanki kawai take so. Sabuwar sai ka ji inji yana hawa yana sauka, ko yana baƙin hayaƙi, ka koma ka sayi wata, ka sake sayen wata. Kuɗin uku ya wuce na kayan gyara na gaske sau ɗaya. Duk abin da ka cire daga tsohon inji, ko da ka ga kamar ya mutu, ka sa a gwangwani ka ajiye. Da shi za ka gwada sabon kafin ka biya: ramuka su hau kan ramuka, kauri ya zo ɗaya. Mai sayarwar da ya ƙi a gwada, ka bar masa kayansa.

Tambaya: An ce tsofaffin injina duk sai an haɗa musu fetur da baƙin mai. Zan iya amfani da wanda aka juye daga mota?

Amsa: A'a, kuma wanda ya faɗa maka haka kada ka sake ba shi injinka. In injin yana da wurin zuba baƙin mai daban, mai bugu huɗu ne, fetur zalla yake sha. Mai bugu biyu ne kawai ake haɗa wa, kamar tsofaffin Victa da suke shan kashi 25 na fetur da kashi 1 na mai, watau mililita 40 a lita ɗaya, kuma man da aka yi don wannan aikin. Man da mota ta gama da shi datti ne. Ƙaramin inji mai bugu huɗu ba shi da matatar mai, kimanin lita 0.6 na SAE 30 kawai yake ɗauka, a canza duk bayan awa 25 na aiki. A kan ɗan wannan ne za ka yi rowa?

Tambaya: Nawa yana tashi, ya yi daƙiƙa biyar, ya mutu. Na canza fulogi sau biyu.

Amsa: Tunda yana tashi, wuta tana nan, ka bar fulogi ya huta. Fetur ne ba ya isa. Fetur yakan fara lalacewa bayan kamar wata guda, in ya daɗe ya zama danƙo mai warin tsohon fenti ya toshe ƙananan ramuka. Juye tankin, ka wanke, ka duba ko akwai ruwa ko tsatsa a ƙasa. In kafiretarka irin wadda ke zaune a kan tanki ce, akwai wata siririyar roba a tsakaninsu da take tsotso mai. In ta bushe ta yi tauri, a canza ta tare da gaskit ɗinta, a ɗaure sukurori ɗaya bayan ɗaya a gicciye don kada ta tattare. In mai kofi a ƙasa ce, cire kofin ka wanke ramin notin da man wanke kafireta da iska. Kada ka zura allura, za ta faɗaɗa ramin. Ka kuma gwada sassauta murfin tanki: in injin ya ci gaba da aiki, ƙofar iskar murfin ce ta toshe. Soson matatar iska a wanke da sabulu, a shanya, a ɗiga masa mai kaɗan a matse.

Tambaya: Na sayi fenti kala uku da sababbin tambura. Da wanne zan fara? Injin dai bai taɓa tashi a hannuna ba.

Amsa: Da ajiye fentin. Injin da ba ka ji kukansa ba, ba ka san ko ya cancanci ko gwangwani ɗaya ba, kuma fetur da sifana za su ɓata aikin tun kafin ka gama gyara. Tayar da shi, yi yanka da shi sau uku, sannan ka dawo. In lokacin kankare tsohon fenti ya yi, ka jiƙa shi, ka rufe hanci, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Tsofaffin gaskit ma wasunsu da asbestos aka yi su, wani abu da ƙurarsa ke cutar da huhu, a jiƙa a ɓamɓare, kada a goge su a bushe.

Tambaya: Na sami irin na turawa mai wuƙaƙe a murɗe kamar ganga. Yana tauna ciyawa maimakon ya yanka. Ya ƙare ne?

Amsa: Da wuya. Wannan shi ne asalin samfurin da Edwin Budding ya ƙirƙira a Ingila a 1830, kuma kamar almakashi yake aiki: gangar tana shafar wata wuƙa da ke kwance a ƙasa. In tazara ta shiga tsakaninsu, sai tauna. Akwai sukurorin saiti a gefe biyu. Ka riƙa juya su kaɗan-kaɗan, kana sa tsinken takarda tsakanin wuƙaƙen kana juya gangar da hannu, har takardar ta yanku tsaf a dama, a tsakiya da hagu. In ta ƙi, shafa man wasa bawul a bakin wuƙaƙen ka juya gangar ta baya na mintuna goma, ka wanke tas, ka sake gwadawa. Kada ka matse su har su riƙa ƙara, cin junansu za su yi. Ka sani kuma irin wannan ba ya son doguwar ciyawa ko jiƙaƙƙiya, kuma kada ka yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda.

Tambaya: Ɗana mai shekara tara yana son tura tsohon injinmu mai fetur. Ba shi da wannan ƙarfen da ake riƙewa a hannu, don haka ba zai gaji ba.

Amsa: Wannan ƙarfen da kake murnar babu shi birki ne. Tun 1982 Amurka ta wajabta cewa wuƙa ta tsaya cikin daƙiƙa uku da sakin hannu. Naka ya girmi dokar, ko an cire masa, don haka in yaron ya zame ya faɗi, wuƙar za ta ci gaba da juyawa. Kada ya taɓa shi, kada ma ya tsaya a filin ana yanka. Kai kanka ka tsince duwatsu da wayoyi tukuna, ka sa rufaffen takalmi, kada ka ja injin baya zuwa ƙafarka, kada ka ƙara fetur yana da zafi, kuma in ciyawa ta cushe a ƙasa, ka kashe ka cire wayar fulogi kafin hannunka ya kusanci wurin. In yaron yana son aikin, ka ba shi manjagara ya tattara ciyawa bayan an kashe injin ya huce.