Tsohuwar Land Rover: a cire kwantak a sa na'urar lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san waya da kwamfuta ka saba amsawa, amma ka taimaka. Ina da Land Rover Series III mai shan fetur da na gada wurin mahaifina, da ita nake kai kaya ƙauyuka. Kowane wata biyu sai an goge kwantak, da safe kuma sai da turi. Wani ya ce in cire kwantak in sa na'urar lantarki a cikin delko. Yana da amfani? Daga wani mai karatu a Agadez.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi. Tambayarka ba ta fita daga gonarmu ba, domin abin da aka ba ka shawarar sawa ɗan'uwan abin da ke cikin wayarka ne. Yana da amfani ƙwarai, amma da sharaɗi.

Abin da kuke kira delko a Nijar, mu nan distributa muke cewa, wato abin da ke rarraba wuta ga fulogan inji. Sunan ya samo asali daga kamfanin Delco na Amurka, inda Charles Kettering ya ƙirƙiro wannan tsari aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910. Aikin kwantak shi ne buɗewa da rufewa don kwayil ya harba wuta zuwa fulogi. Injinka mai silinda 4 ne, lita 2.25, kuma idan yana juyi 3,000 a minti, kwantak na buɗewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Ka ƙara da ƙurar hanyar Agadez. Ɗan dunduniyar robar da ke gogar sandar tsakiya yana cinyewa, tazarar da ya kamata ta tsaya tsakanin milimita 0.35 da 0.40 ta tsuke, lokacin wuta ya goce. Daga nan turi ya fara.

Na'urar da ake magana ba ta taɓa komai. Zobe ne mai maganaɗisu a ciki, a zura shi ƙarƙashin rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a kan sandar tsakiya, sai ɗan firikwensin da ke jin wucewar maganaɗisun ya yanke wutar kwayil. Irinsa ne ke kashe fuskar waya idan ka rufe jakarta mai murfi. Babu gogayya, don haka babu sauran goge-goge. Pertronix da Powerspark duk suna ƙera ta.

To ga sharaɗin, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Ita na'urar, gurbin kwantak da kwandansa (condenser) kawai take maye. Ka ɗaga murfin distributa, ka kama sandar da yatsa biyu ka girgiza ta gefe da gefe. In tana rawa, bushin ya cinye. Ka murɗa rota kaɗan ka sake ta: lafiyayya za ta koma da kanta, domin a ƙasa akwai ƙarafa biyu da sifirin da ke gaggauta wuta idan inji ya ɗau gudu. In ta tsaya cak, tsatsa ta kama su. Sannan ka zare siririn tiyon da ya taho daga kafireta ka tsotsa da baki, ka ga ko farantin ciki ya motsa. In distributanka bai ci waɗannan gwaje-gwaje ba, sabo ɗungurungum kake bukata. Ina jin takaicin yadda mutane ke kashe kuɗi kan na'ura alhali sandar ce ta mutu.

Kafin sayen na'urar ka duba lambar da ke jikin distributanka. Yawancin Series III, waɗanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, Lucas 25D ko 45D ke kansu, kuma na'urar ɗaya ba ta zama a ɗayan.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan mai wayarin. Jar waya zuwa alamar tarawa ta kwayil, baƙa zuwa alamar ɗebewa. Aka juya su, nan take ta ƙone. A auna kwayil da mita: injin silinda 4 irin naka kwayil mai om 3 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wutar lantarki) aka fi haɗa shi da na'urar, mai ƙasa da haka kan gasa ta. Kada kuma ka bar makulli a kunne inji na kashe. Bayan an gama a sake saita lokacin wuta da fitilar taimin bisa littafin motar, a tabbatar wayoyin fulogi suna kan jerin 1-3-4-2.

Akwai ma distributa na kamfanin 123ignition na ƙasar Holan da ake saitawa da manhajar waya ta Bluetooth. Abin sha'awa ne, sai dai tsada, kuma motar kaya ba ta bukatarsa.

Wahalar tashi da safe kuwa, ka sa a duba batir da fulogai da cok ɗin kafireta tukuna, don ba lallai kwantak kaɗai ke da laifi ba.

Tsohon kwantak da kwandansa da ƙusoshinsu, ka ƙulle su a leda ka ajiye ƙarƙashin kujera tare da sukudireba. Kwantak kan yi gargaɗi kafin ya mutu, ita kuwa na'ura ɗif take ɗaukewa, kuma ba a gyara ta a bakin hanya. In hakan ta same ka tsakanin Agadez da Ingal, da sukudirebar nan za ka mayar da tsohon ka isa gida.